Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NUC Kan Sharuɗɗan Karatun Injiniya Na Gaba Da Digiri

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, Abuja.
Kwafi ga Magatakardan Majalisar COREN mai kula da aikin injiniya da yi wa injiniyoyi rajista, da shugabannin makarantun gaba da digiri na jami'o'inmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, Allah ya taya ku riƙo.

Ni injiniyan hanyoyi da gine-gine ne. Da babbar difloma ta HND na fito daga kwalejin kimiyya da fasaha, na yi shekara goma sha ɗaya tsakanin kwalbati da gada da burji kafin in koma aji neman digiri na biyu. Ba ni kaɗai nake magana ba. Muna da wani zaure a WhatsApp, mu da dama, akwai masu lantarki, akwai masu injina, akwai masu harkar ruwa da madatsai. Wasu sun gama da ƙyar, wasu suna ciki, wasu sun tattara takardunsu sun haƙura. Su suka ce in rubuta, tunda ni ne mai yawan surutu a cikinsu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne matakin da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya ɗauka na dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025. Ba mu zo yin gardama a kan wannan ba, dala ta yi tsada, kuma kowa ya san wasu idan sun tafi ba sa dawowa. Amma ma'anarsa ita ce malamin kwaleji da na jami'a da a da zai nufi Maleshiya ko Ingila, yanzu ƙofar gida zai ƙwanƙwasa, ƙofar da mu muka riga muka bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, ga abin da muka tarar.

Duk wanda ya taɓa buɗe tallar ɗaukar ɗalibai ya san jerin: kiredit biyar a jarrabawar sakandare da suka haɗa da Turanci da lissafi da fiziks da kimistiri, a zama bai wuce biyu ba, digiri na farko mai daraja ta biyu, ko da ƙaramar ce, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar cikakken sakamako, wadda muke kira taranskirif, wasiƙun masu tsaya maka. Mai HND da mai daraja ta uku sai sun fara yin difloma ta gaba da digiri, wato PGD. Mai neman digiri na uku, yawancin jami'o'i suna neman ya zo da matsakaicin maki 3.5 cikin 5 daga digiri na biyu. Ka karanta jerin daga sama har ƙasa, ranka ya daɗe, duk abin da ɗalibi zai kawo ne. Babu layi ɗaya da ya ce ga abin da jami'a ta ɗaukar wa kanta: ba a ce injin gwaji yana aiki ba, ba a ce malamin da zai duba kundinka yana da ɗalibai nawa a hannu ba, ba a ce cikin kwana nawa za a mayar maka da babin da ka miƙa ba. Tushen kukanmu ke nan, sauran duk rassa ne.

Bari in fara da wanda ya fi ci mini rai, maganar HND. Mai digirin injiniya shekara biyar yake yi a jami'a. Mu kuma shekara biyu a ƙaramar difloma, shekara ɗaya a wurin aiki, shekara biyu a babbar difloma, biyar ke nan cif. Ba zan yi ƙarya in ce karatun iri ɗaya ne ba. Ɗan jami'a ya fi mu zurfi a lissafi da ka'idoji, kuma da na shiga PGD sai da na yi gumi a kan lissafin da yara 'yan shekara ashirin da biyu suke warwarewa suna hira. Wannan giɓi gaskiya ne, cike shi kuma wajibi ne. Amma me ya sa a cikin PGD ɗin nan aka zaunar da ni zango guda ana koya mini yadda ake kafa na'urar safiyo da karanta sandar awo, ni da na yi shekaru ina fitar da lebur ɗin hanya da ita, har na koya wa masu bautar ƙasa da aka turo mana, wasunsu masu digiri mai daraja ta ɗaya? Ba wanda ya tambaye ni me na sani. An duba sunan takardata, an nuna mini benci.

Kun fi ni sanin tarihin wannan rigima. A 2021 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. A 2023 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha ta fito da shirin ƙarin shekara ɗaya ta intanet tare da jami'o'in waje don mai HND ya samu digiri, hukumarku ta fito fili ta ce ba da yawunta ba. Hukumomi biyu ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ɗaya, kowace ta ja nata gefen, mu muna tsakiya. Wanda ya riga ya biya kuɗi bai san matsayin takardarsa ba, wanda bai biya ba bai san wace hanya zai bi ba. In kun ƙi waccan hanya, kuna da hujjarku, amma ku nuna mana taku.

Akwai kuma tarkon da mutane da yawa suka faɗa. COREN tana yi wa mai HND rajista a rukunin masana fasaha, sai ya haɗa da PGD da ta amince da ita a fanninsa kafin ya shiga rukunin injiniyoyi. Wani abokinmu mai lantarki ya yi PGD, ya ci gaba ya yi digiri na biyu, sai da ya je neman rajista ya ji cewa diflomar da ya yi ba ta cikin waɗanda aka tantance. A tallar ɗaukar ɗalibai ba a faɗa masa ba, shi kuma bai san ana tambaya ba. Yanzu yana da digiri na biyu a injiniya, amma ba ya iya buga hatimin injiniya a kan zanen da shi ya zana.

Kiredit ɗin sakandare ba zan daɗe a kansa ba, don abin ya fi kama da almara. Mutum ya gama digiri na farko a jami'ar da kuka tantance, ya yi aiki shekara goma sha biyar, gashinsa ya fara furfura, sai a mayar da fom ɗinsa saboda a 1999 ya samu fas a Turanci ko kimistiri. Mun ga magidanci ya sayi fom ɗin jarrabawar sakandare ta masu zaman kansu, ya zauna ɗaki ɗaya da sa'o'in 'yarsa. In akwai laifi a shigarsa jami'a tun farko, ai jami'ar da ta ɗauke shi za a tambaya.

Sai taranskirif. Ɗalibi ba ya riƙe ta a hannu, makaranta ce ke aika wa makaranta, kuma hakan daidai ne saboda masu jabu. Amma duk jinkirin da aka samu, a kansa yake ƙarewa. Ni sau uku na yi tafiyar kwana zuwa tsohuwar makarantata. Zuwa na farko aka ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya tafi ta'aziyya. Zuwa na biyu aka shigar da ni ɗakin, fayil-fayil a ƙasa har gwiwa, wasu gara ta ci gefensu, aka ce in taya su nemo na shekararmu. Na tsuguna da babbar rigata ina ɗaga takardun mutanen da ban sani ba, har na ci karo da sakamakon zangonmu na ƙarshe a cikin fayil ɗin wani sashe daban. Zuwa na uku aka ce an aika. Kafin ta isa an rufe tantancewa, kuɗin fom ya tafi, shekara ta tafi. A zamanin da ake biyan kuɗin fom ta Remita cikin minti biyu, ban ga dalilin da sakamako zai yi wata huɗu a hanya ba.

Wannan duk a bakin ƙofa ne. Abin da ke ciki ya fi nauyi, kuma a nan nake roƙon ka ɗan ƙara haƙuri da ni.

Takardun jami'o'i suna cewa digiri na biyu shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu ga mai cikakken lokaci. Ni shekara huɗu da wata bakwai na yi, kuma a zaurenmu ba a ɗauke ni wanda ya daɗe ba. Bincikena a kan tokar ɓuntun shinkafa ne, ko za ta maye gurbin wani kaso na siminti a kankare. Duk wanda ya bi ta wajen injinan casar shinkafa a Kano ya ga ɓuntu tuli-tuli ana rasa yadda za a yi da shi, alhali in an ƙona shi a zafin da ya dace, wajen digiri 600 zuwa 700, tokarsa tana da sinadarin da ke ƙara wa kankare ƙarfi. Aikin yana buƙatar abu uku: tanderun da ake iya saita zafinsa, na'urar da ke tantance sinadaran tokar, da injin da ke matse kankare har ya fashe a karanta ƙarfinsa. Tanderun sashenmu sai da wuta, wuta kuma sai an ci sa'a. Tokar sai da na aika wani gari na biya aka gwada. Injin matsa kankare shi ne aka ce yana nan lafiya.

Na zuba dunƙulen kankare sittin, kowane milimita 150 ta kowace fuska, nauyinsa wajen kilo takwas, kusan rabin tan ke nan gaba ɗaya, duk daga aljihuna, har leburan da ya taya ni kwaɓi. Na jiƙa su a tanki. Ƙa'idar aikin ita ce a fasa wasu a kwana 7, wasu a 14, wasu a 21, sauran a kwana 28, kuma na kwana 28 ɗin nan su ne ma'aunin da duniya ta sani. Ukun farko sun tafi daidai. Ranar ta ashirin da takwas na iso da sassafe, na tarar da man injin ya malale a ƙasa, ma'aikacin ɗakin yana share shi da tsumma yana ba ni haƙuri. Bawan Allah, ya ce ya rubuta takardar neman gyara tun bara. Na naɗe dunƙule goma sha biyar a jiƙaƙƙun buhuna, na loda a but ɗin motata har bayanta ya zauna, na kama hanyar wani gari inda aka ce akwai inji. Can kuma sai da takardar izini, mai sa hannu ba ya nan, ga Asabar da Lahadi sun shigo. Ranar ta talatin da ɗaya aka fasa su. A zaman gabatar da sakamako wani farfesa ya ce wannan ba ƙarfin kwana 28 ba ne, kuma gaskiyarsa. Na sake sayen siminti, wanda kafin nan ya ƙara kuɗi, na sake komai daga farko. Da zango ya zagayo aka ce in sake rajista, in biya cikakken kuɗin makaranta, har da kuɗin ɗakin gwaje-gwaje.

Wanda ya fi ni wayo ba zai yi haka ba. Zai zauna a ɗakinsa ya ƙirƙiro lambobin da suka yi kyau a jadawali, ya wuce. Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, ana yi, kuma tsarin ne ke koya wa mutane. Ka tuna wanda ya saba ƙirƙiro ƙarfin kankare a kundinsa, gobe shi za a ba takardar gwajin ginshiƙin makaranta ya sa hannu. Mun ga ginin makaranta ya rufta kan ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024. Mun ga abin da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban shekarar. Ban ce kundin wani ne ya jawo su ba. Abin da nake cewa shi ne ƙasar da ke da irin waɗannan, da baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi mai kumbura da damina ta tsattsage da rani ta lalata kwalta, da layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, tana buƙatar injiniyoyin da suka taɓa gwaji na gaskiya da hannunsu.

Malamai masu duba kundi ba zan zage su ba. Nawa mutumin kirki ne, amma mu fiye da goma ne a hannunsa, ga darussan 'yan digiri na farko, ga kwamitoci, ga wata jami'a da yake zuwa koyarwa don albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Abokan aikinsa da dama sun bar ƙasar. Babi ɗaya ya yi wata biyar a teburinsa, ni kuma ba ni da bakin magana, don wanda zan kai ƙara wurinsa abokinsa ne, kuma makomata tana hannunsu su biyun. Sai ka ga magidanci mai 'ya'ya biyar yana rakuɓe a baranda tun safe yana jiran fitowar malam, ya karɓar masa jaka, ko Allah zai sa a tuna da shi. Idan wa'adi ya cika kuma, sunan ɗalibi ake liƙawa a allo cikin waɗanda suka wuce lokaci. An bar jaki ana dukan taiki.

Haka aka yi da yajin aikin malaman jami'o'i, na 2020 da ya ci kusan wata tara, da na 2022 da ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba. Ko wa ke da gaskiya a rigimar, ɗalibi ba ya ciki, amma a wurare da dama agogonsa bai tsaya ba. Wata 'yar'uwarmu mai karatun injiniyan ruwa ta haihu a tsakiyar bincikenta, ta nemi a jingine mata zango ɗaya, takardar ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har yaron ya fara tafiya.

Masu digiri na uku suna da nasu ƙarin. Jami'o'i da yawa sun sharɗanta sai ka buga maƙala a mujallar bincike kafin ka kare kundinka, wasu ma sun ce sai wadda ke cikin rumbun Scopus, wato jerin mujallun bincike na duniya da aka tantance. Niyyar mai kyau ce. Sai dai da yawa daga mujallun nan da dala ake biyansu, ɗalibi kuma da naira yake karɓar albashi, in ma yana da shi. Ƙarshenta mutane suna faɗawa hannun mujallun bogi, waɗanda in ka tura kuɗi yau, jibi maƙalarka ta fito ko da babu wanda ya karanta ta. Ga kuma al'adar da ba ta cikin kowace takarda amma kowa ya santa: ranar gabatarwa ɗalibi ne da shinkafa da kaji da lemo na duk wanda ya shigo zauren, wani wurin har da taimaka wa kuɗin masaukin mai jarrabawa daga waje. Mutumin da zai yanke maka hukunci, kai ka ciyar da shi. Ko shi kansa bai kamata ya so hakan ba.

Ranka ya daɗe, mun san kuna iya gyara in kun sa kanku. A ƙarshen 2022 kun fito da sabuwar manhajar CCMAS ta digiri na farko, kuka riƙe kashi 70 kuka bar wa jami'o'i kashi 30. A 2023 COREN ta samu shiga yarjejeniyar Washington ta ƙasashe kan ingancin digirin injiniya a matakin wucin gadi, yarjejeniyar da ginshiƙinta shi ne a auna abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama. Irin wannan hankalin muke roƙon a juyo da shi kan karatun gaba da digiri.

Muna roƙon ku zauna da NBTE da COREN ku fitar da hanya ɗaya rubutacciya ta mai HND. A yi jarrabawar shiga ta gaskiya a lissafi da tushen fannin, a duba shekarun aiki da ayyukan da mutum ya yi, wanda ya ci a yafe masa darussan da ya riga ya sani, a bar shi da waɗanda yake da giɓi a cikinsu. Wanda ya faɗi ya yi PGD cikakkiya, ba mu da ja. Wannan jarrabawa ta zama ƙofa ga mai daraja ta uku da ya yi shekaru yana aiki shi ma. Kuma kowace talla ta PGD ta faɗi ɓaro-ɓaro ko COREN ta tantance ta ko ba ta tantance ba. Sharaɗin kiredit ɗin sakandare a ɗauke shi daga kan wanda ya riga ya mallaki digiri ko HND daga makarantar da aka amince da ita. Taranskirif ta riƙa tafiya ta intanet tsakanin makarantu cikin wa'adin da za ku yanka, kuma a ba mai nema gurbin wucin gadi kafin ta iso.

Babban roƙonmu shi ne ku rubuta sharuɗɗa a kan jami'a kamar yadda aka rubuta a kanmu. Kada sashe ya ɗauki ɗalibin bincike a fannin da ba shi da na'ura mai aiki, sai in yana da rubutacciyar yarjejeniya da wani ɗakin gwaji da zai karɓi ɗalibansa ba tare da yawon neman izini ba. Idan masu tantancewarku sun zo, kada su tsaya ga ganin inji an goge shi an lulluɓe da leda. Su ce a kunna, su sa a fasa dunƙule ɗaya a gabansu, su nemi littafin da ake rubuta gwaje-gwajen wata shida da suka wuce. Mun san yadda ake aro kayan aiki daga maƙwabta ana gobe za ku iso. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai riƙe, a biya shi haƙƙin dubawa a kan lokaci, a sa wa'adin mayar da babi, a kuma samar da inda ɗalibi zai kai kuka a wajen sashensa ba tare da ya jefa kansa a wuta ba. Duk jinkirin da ya fito daga jami'a, ko yajin aiki, ko lalacewar inji, ko haihuwa, a tsayar da agogo, kada a karɓi kuɗin wannan zangon. Kowace makarantar gaba da digiri ta riƙa wallafa adadin waɗanda ta ɗauka da adadin waɗanda suka gama da shekarun da suka yi, don mai sayen fom ya san abin da yake saye.

A raba hanya biyu a digiri na biyu yadda ya kamata: ta mai son zama malami ko mai bincike, da ta injiniyan da ke bakin aiki, wanda zai iya kawo matsala ta gaske daga ma'aikatarsa ya warware ta ƙarƙashin kulawar malami da wani ƙwararren injiniya mai rajista. Darussan wannan rukuni su koma yamma da ƙarshen mako, don ba kowane shugaba ne zai saki ma'aikacinsa ranar Talata da ƙarfe goma ba. Sharaɗin buga maƙala ya zo da tallafin kuɗi ko jerin mujallun gida masu inganci da za a karɓa. Ciyarwar ranar gabatarwa kuwa, takarda ɗaya daga ofishinka ta isa ta kashe ta.

In kuna son ganin shaidu, muna da rasit-rasit da takardun rajista da hotunan injinan, kuma a shirye muke mu turo wakilai Abuja da kuɗin motarmu. Akwai wani yaro mai HND da ke aiki a ƙarƙashina, hannunsa ya fi nawa kyau a zane, tun watan jiya yake tambayata ko ya sayi fom bana. Na ce masa ya dakata tukuna in ji daga gare ku.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani injiniyan hanyoyi da gine-gine, a madadin 'yan'uwansa masu neman karatun gaba da digiri.